Ruwan da ke kama wuta ba ashana ba laita, wai sihiri ne ko editin?

Abba GSM: Assalamu alaikum jama'ar guruf. Dan Allah ku kalli bidiyon da na turo yanzu, wani bature ne cikin farar riga ya zuƙo wani ruwa garau kamar na famfo a sirinji, yana danna shi waje kawai sai wuta ta tashi a bakin allurar kamar ta masu walda, ba ashana ba laita ba komai. Wlh na maimaita ya fi sau goma ko zan kama dabarar ban kama ba. Malam Kimiyya kana kusa? gaske ne ko editin

Ɗan Bolari: Editin ne mana, yanzu ko kakata za a iya sa ta tana tofar da wuta a waya 😂

Oga Walda Jekadafari: wa alaikumus salam, ni kam inaga kabaid ne aka jika, mu da muke aiki dashi kullum munsan halinsa

Malam Kimiyya: Wa alaikumussalam. Na kalla Abba, ba editin ba ne, kuma ba kabaid ba ne Oga. Tsayar da bidiyon daidai inda ya nuna kwalbar za ka ga an rubuta t-BuLi, wato tat-butil-litiyam. Yana cikin dangin sinadaran da muke kira oganometalik, ma'ana ƙarfe ne aka ɗaure shi kai tsaye da kabon, irin kabon ɗin da ke cikin fetur da gas. Wasu daga cikinsu da sun sha iska suke kamawa, su ake ce wa fayiroforik, kalmar Girkanci ce, mai ɗauke da wuta. Kafin a ba sinadari wannan laƙabi sai in yana kamawa da kansa cikin minti 5 da fitowarsa iska. Wannan kam ko ƙiftawar ido ba ya jira.

Ɗan Bolari: Malam ƙarfe kuma a sirinji? ƙarfen da na sani rodi ne da kwanon rufi

Malam Kimiyya: Dama kai a aji a bencin baya kake kana cin gyaɗa. Litiyam ƙarfe ne amma da wuƙa ake yanka shi don laushi, kuma in aka liƙa masa jelar kabon sai ya narke cikin ruwa dangin fetur, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Bari in ba ka misalin da za ka gane. Auren dole ne aka yi. Ƙarfe irin litiyam ko aluminiyam ko zinki, wanda yake so tsakani da Allah shi ne oksijin, shi ya sa ba ka taɓa haƙo aluminiyam tsurarsa a ƙasa, kullum a manne yake da oksijin. To sai masana suka raba su da ƙarfin tsiya suka aurar da shi ga kabon. Zaman ba daɗi, kabon ya janye kusan duk ilektoron ɗin da ke tsakaninsu, wato 'yan ƙwayoyin da ke riƙe da ɗaurin, zuwa gefensa, a ma'aunin jan ilektoron kabon yana da 2.55, aluminiyam 1.61, litiyam ko 1 bai cika ba. Ranar da aka buɗe ƙofa oksijin ya leƙo, kuma kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, nan take ƙarfen zai yi tsalle ya koma gun masoyinsa. Wannan komawar tana fitar da zafi mai yawa cikin ɗan lokaci, zafin kuma ya tarar da jelar kabon da ruwan da aka narkar da shi a ciki duk makamashi ne. Ashana na cikin gida, fetur na cikin gida, iska kawai ake jira.

Maman Hanif: Malam ko a kimiyya ma sai an kawo auren dole 😅 Allah ya kyauta. To in an zuba masa ruwa ai shikenan ko

Malam Kimiyya: Subhanallahi, nan ne babban kuskure Hajiya. Ruwa ya fi iska tunzura shi. Butil-litiyam in ya taɓa ruwa gas ɗin butan yake fitarwa, ɗaya daga cikin gas ɗin da ke tukunyar girkinki, ga zafi a tare. Na aluminiyam kuma, tirayetil-aluminiyam, etan yake fitarwa. Kin ga kin ƙara wa wuta mai kenan da hannunki. Busasshen yashi ake rufe shi da shi ko hoda ta musamman.

Oga Walda Jekadafari: to ai maganata ce Malam, kabaid ma ruwa muke zuba masa ya bada gas, meye banbancin

Malam Kimiyya: Kusa suke Oga ban ƙi ta taka ba, kabaid ma kalsiyam ne da kabon, ruwa ya taɓa shi ya ba da asitilin. Amma kai da bakinka, in gas ya fito daga tiyo ba sai ka kunna masa ba? Kuma dutsen kabaid kana iya ajiye shi kan benci ya wuni sai dai ya riƙa zama gari. Galibin littattafai ma ba sa lissafa shi cikin oganometalik, da gishiri ya fi kama. Wannan na bidiyon shi ke kunna kansa.

Anti Dakta: Salam, yanzu na fito daga lab na tarar da saƙo 60 ana ta maganar abin da ya hana ni barci shekarar farko da na zo ƙasar nan. Malam ina wuni, ya iyali. Bayaninka ya yi daidai, har na tuna allon da kake zana mana ɗauri da farin alli. Bari in ba ku yadda abin yake a hannu don a bidiyo kamar wasa ne. Kwalbar tana zuwa ne cikin gwangwanin ƙarfe, bakinta a toshe da roba an danne da ƙarfe, ba a buɗe ta har ta ƙare, sai dai a soka allura. Kafin ka taɓa ta duk gilasan da za ka yi aiki da su sun kwana a oba sama da digiri 100 don ko danshin da ido ba ya gani ya fita, sannan ka haɗa su da wani layin gilashi mai famfuna da ake kira layin Schlenk, sunan wani Bajamushe ne da ya fara haɗa irin waɗannan sinadaran litiyam a 1917. Ka zuƙe iskar ciki ka cika da agon ko naitirojin, gas ne da ba sa tunzura shi, ka sake zuƙewa ka sake cikawa, sau uku. Shi kansa sirinjin sai ka wanke cikinsa da agon. Tulun da za ka ɗiga shi a ciki kuma yana zaune cikin busasshiyar ƙanƙara da asiton, digiri 78 ƙasa da sifili, kana ɗigawa ɗigo ɗigo kamar mai sa wa jariri maganin ido. Rana ta farko da na yi da kaina, ina zare allurar daga kwalba sai ɗan ɗigon da ya rage a bakinta ya yi fat, 'yar wuta kamar ta kan ashana ta tashi ta mutu, wlh gwiwata sai da ta saki, na ji gumi na bin bayana alhali ana sanyi. Wanda ke koya min ko gezau, ya ce haka yake yi, in bai yi ba ma to kwalbar ta lalace. Abin da ya hana ni shi ne janye hannu da sauri, ya ce firgita ke kashe mutum ba ɗigon ba.

Abba GSM: Kai Anti Allah ya tsare. Ni da batirin waya ya kumbura a hannuna na jefar na bar shago a guje, har makwabcina mai caji yana min dariya. Shi ma ai litiyam ne ko, abu ɗaya ne?

Anti Dakta: A'a ƙanina, suna ne ya haɗa su. Na batir ba a ɗaure yake da jelar kabon irin wannan ba, yawo yake tsakanin ɓangare biyu. Wutar batir tana tashi ne in an huda shi ko ya yi shot a ciki, zafi ya haifi zafi har ruwan cikinsa ya kama. Amma gudun da ka yi daidai ne, kar ka ƙara sa tsinken sukundireba ka ɓanɓaro batir mai kumburi dan Allah.

Ɗan Bolari: To ni tambayata, abin da ke neman kashe mutum haka me ya kai ku gare shi? neman suna ne kawai irin na turawa

Injiniya Fatakwal: Ɗan Bolari kujerar robar da kake zaune a kai a majalisa kana wannan surutun fa? Ni a masana'antar roba nake aiki nan kudu, kuma tirayetil-aluminiyam da Malam ya ambata mu TEAL muke ce masa, ba a sirinji yake zuwa mana ba, a tankin ƙarfe yake zuwa cike da naitirojin a samansa. Wurin da ake ajiye shi daban yake can gefe, ba a yarda ruwa ya kwanta a wurin, kuma ranar da za a haɗa sabon tanki masu aikin sai sun sa wata riga mai ƙyalli kamar takardar sigari tun daga kai har ƙafa. Na taɓa ganin ɗan abin da ya rage a bakin bututu ya ɗigo, farin hayaƙi ne ya fara tashi tukuna sai wuta, farin hayaƙin nan aluminiyam ne ya koma gun masoyin nasa inji Malam. Amma ba don shi ba da ba mu fitar da ko buhu ɗaya na ƙwayar roba ba.

Alhaji Tudun Hatsi: Salamu alaikum yara. Ina bin ku a hankali. Injiniya buhu ka ce? wane irin buhu

Injiniya Fatakwal: Ranka ya daɗe Baba Alhaji, har da irin buhun da kuke zuba masara da wake. Zaren da ake saƙa shi poliprofilin ne, kuma kusan duk poliprofilin na duniya da taimakon irin wannan sinadarin ake yin sa. Gas ne ake turawa cikin tukunya, sai a sa ɗan sinadarin titaniyam kaɗan, shi ne magini mai jera ƙwayoyin gas ɗin ɗaya bayan ɗaya su zama dogon zare. To amma titaniyam ɗin barci yake sai TEAL ya tashe shi, sannan kuma shi TEAL ɗin saboda kwaɗayinsa na ruwa da oksijin duk wani ɗan danshi da ya saci hanya ya shiga tukunyar shi ke lashe shi kafin ya kashe maginin. Halin nan nasa da ke sa shi kama wuta, shi muke biya da dala. A Najeriya akwai masana'antar Eleme a jihar Ribas da ke yin polietilin da poliprofilin, ga kuma ta Dangote a Lekki da ke yin poliprofilin.

Malam Kimiyya: Madalla Injiniya. Labarin yadda aka gano wannan ma abin dariya ne. Karl Ziegler a garin Mülheim na Jamus yana ta gwada haɗa gas ɗin etilin da sinadaran aluminiyam, rannan sai aikin ya ƙi, maimakon dogon zare sai guntaye. Suka yi ta bincike ashe ɗan ɓurɓushin nikel ne ya maƙale a tukunyar. Wani da sai ya wanke tukunya ya ci gaba, shi ko sai ya ce in nikel na iya gajarta zare to wataƙila akwai ƙarfen da zai tsawaita shi, suka bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har suka faɗo kan titaniyam a 1953. Kafin nan turawan Ingila da suka gano polietilin a 1933 sai sun matse gas ɗin da ƙarfin da ya ninka na iskar duniya sama da sau 1000. Shi ko Ziegler ya yi ba matsi ba wani zafi. A 1954 Giulio Natta a Milan ta Italiya ya ɗauki dabarar ya yi poliprofilin, 1963 aka ba su kyautar Nobel su biyu. Don haka leda da bokiti da jarka da buta duk jikokin wannan ruwan wutar ne.

Injiniya Fatakwal: Malam a gafarce ni zan ɗan gyara, ba duka ba. Leda mai laushi irin ta da har yanzu da yawa da tsohuwar hanyar matsin ake yin ta, jarka ma wasu da sinadarin kuromiyam ake yin robarsu ba na Ziegler ba. Buhu da kujera da bokitin poliprofilin dai kam ba gardama.

Malam Kimiyya: Na karɓi gyara, wanda ke bakin tukunya ya fi mai alli sanin miya.

Maman Hanif: To tsaya, kenan bokitin da nake jiƙa wa yara gero akwai wannan abin a ciki? ni fa kun fara tsorata ni

Injiniya Fatakwal: Kwantar da hankalinki Hajiya, kaɗan ne ainun ake sawa kuma kafin roba ta fito an kashe shi da tururi, abin da ya rage ɗan tokar aluminiyam ne da ba ya komai. Ai da bokitin ya kama tun a kasuwa.

Alhaji Tudun Hatsi: To ni ga abin da ya sa na tsoma baki. Shekarun baya wani yarona ya share sito, ya tattara ragowar kwayar fostoksin da muke sa wa wake, wadanda basu gama narkewa ba da garinsu, ya zuba a wani tsohon bokiti, da wari ya dame shi sai ya kwara ruwa akai wai ya mutu. Ina zaune a waje akan tabarma ina lissafi sai naji fuf, ya fito yana salati gashin girarsa ya kone. Babu wanda ya kyasta komai a wurin. Mutane suka taru kowa da abin da yake fada, wani yace hassada ce wani yace a kira malamai. Shin wannan ma danginsu ne

Malam Kimiyya: Allah ya ƙara tsarewa Baba Alhaji, yaron nan ya auna arziki. Ba danginsu ba ne na jini amma maƙwabta ne. Ƙwayar nan aluminiyam ne da fosfaras, babu kabon a ɗaurin. In ta sha danshi tana fitar da gas ɗin fosfin, shi ke kashe ƙwarin, kuma in ya taru da yawa wuri ɗaya yana iya kamawa da kansa. A hankali aka tsara ta riƙa fitar da shi da danshin iska, shi ko ya tara su ya kwara ruwa, duk suka saki lokaci guda. Amma Baba wutar ma ita ce ƙaramar matsala, gas ɗin guba ne mai kisa, kuma yana ratsa buhu ya bi ta ƙofa da rufi. Kada a sa shi a ɗakin da ake kwana ko mai jingine da shi, ko kusa da dabbobi.

Anti Dakta: Baba ina gaisuwa. In da hali a koma buhun nan mai leda biyu a ciki da saƙaƙƙe a waje, wanda ake ce wa PICS, ba ya buƙatar magani, iska yake hana ƙwarin su mutu da kansu. Abin dariyar ma ledojin cikin polietilin ne mai kauri na wajen kuma poliprofilin, wato mun dawo gidan Injiniya.

Alhaji Tudun Hatsi: Allah ya yi miki albarka 'yata. Muna amfani dashi amma tsada, kuma bera daya ya huda shi an gama. Wanda ke da buhu dari biyar lissafin daban ne

Ɗan Bolari: Yauwa tunda an zo nan, gidan nan na unguwarmu da kaya ke ta kamawa da wuta cikin akwati ana cewa aljanu ne, Malam kana nufin wani ne ke zuba musu wannan ruwan?

Malam Kimiyya: Ban ce ba. Ni ban musa aljanu ba, suna cikin Alƙur'ani, kuma ban je gidan ba. Amma cewa wani ya samo t-BuLi a Gombe ya ɗauko shi a aljihu ya zuba a akwati, wannan kam a'a, kafin ya iso ƙofar gidan shi za a fara kashewa. In za a duba a fara da wayar wuta, da turaren wuta, da maganin sauro, da yara.

Ustaz Pantami: A yi hattara dai da abin da ba a da ilimi a kai, ta kowane ɓangaren. A yi addu'a kuma a kira mai gyaran wuta, ba su hana juna ba.

Admin: Jama'a a dawo kan sinadari dan Allah, waccan maganar mun san inda take kai mu.

Abba GSM: To ni wani abu na tuna, in ana harba roket ɗin SpaceX akwai wani koren haske da ke walƙawa a gindinsa kafin babbar wutar, na ɗauka kwalliya ce

Anti Dakta: Idonka ya gani daidai. Ashanar injin kenan. Haɗin TEAL ɗin Injiniya ne da ɗan'uwansa tirayetil-boron, ana fesa su su haɗu da ruwan oksijin su kama nan take su kunna kananzir ɗin. Boron ne ke ba da koren. Ka yi tunani, injin da ke faɗowa daga sama da gudu ana so ya sake tashi don ya sauka a tsaye, ba ka son abin da zai ce zai yi tunani, kana son wanda ba ya iya ƙin kamawa. Roket ɗin Saturn V da ya kai mutane wata a 1969 ma da irin haɗin aka kunna manyan injinansa na ƙasa. Kuma a Fabrairun 2018 da suka fara harba Falcon Heavy, roket ɗin SpaceX mai gangar jiki uku a jere, biyu na gefe sun sauka lafiya amma na tsakiyar ruwan ashanar ya ƙare masa, injinan da ake so su tashi ba su tashi duka ba, ya faɗa teku.

Oga Walda Jekadafari: ikon Allah, roket guda ashana ta kare masa kamar mai shayi 😂

Anti Dakta: Kai ma Abba shagonka cike yake da aikinsu. Fitilar LED ɗin tocila da ta fuskar waya, ana yin ƙwayarta ne da tirayimetil-galiyam, shi ma iska yake jira ya kama. Ana tura tururinsa da amoniya kan faranti mai zafin wajen digiri 1000, jelar kabon ta tafi galiyam ya zauna shimfiɗa kan shimfiɗa. Shuɗiyar LED da ta ba mu farin ƙwan nan mara cin wuta, Japanawa uku ne suka ci Nobel a kanta a 2014. Farantan sola da yawa na yanzu ma akwai wata siririyar shimfiɗa a bayansu da ake yi da tirayimetil-aluminiyam don ƙara musu ƙarfi. Shi kuma butil-litiyam ana yin robar taya da shi, da haɗa magunguna.

Maman Hanif: To duk dangin haka suke da zafin kai?

Malam Kimiyya: A'a, kowane gida akwai salihai. Ferosin, ƙarfe ne tsakanin zobba biyu na kabon kamar nama cikin burodi, an gano shi 1951, hoda ce mai launin ruwan lemo kana iya barinta a buɗe. Bitamin B12 da ke jikinki ma akwai nau'insa da kobal ke ɗaure da kabon. Akwai kuma mugu mai shiru, wanda aka daɗe ana zubawa a fetur mai dalma, ba ya kamawa da kansa amma ya lalata ƙwaƙwalwar yara a duniya kafin a hana shi, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Masu zafin kan dai tun farko da su aka fara. Edward Frankland ɗan Ingila ya haɗa dayetil-zinki wajen 1849 a Jamus, a lab ɗin Bunsen mai murhun nan da kuka sani a makaranta. Shi kansa Bunsen ya rasa ganin ido ɗaya a fashewar wani sinadarin asenik mai warin tsiya. Wani abin mamaki, babban laburaren majalisar Amurka ya taɓa gwada turara tsofaffin littattafai da dayetil-zinki don ya kashe tsamin da ke cinye takarda, aka samu gobara da fashewa a wurin gwajin tsakiyar shekarun 1980, daga baya suka haƙura. Ka ji fa, maganin takarda da abin da ke kama wuta.

Ɗan Bolari: Anti a ina ake sayarwa, ko ki faɗa mana yadda ake haɗawa in ɗan gwada a bayan gida in tara mabiya a TikTok

Anti Dakta: Ko da wasa. Ba a sayar wa mutum ɗaiɗai, kuma ba zan faɗa ba. Ka saurara, a ƙarshen Disambar 2008 a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wata yarinya 'yar shekara 23 tana zuƙo wannan t-BuLi ɗin na bidiyon Abba, sai sandar sirinjin ta zare gaba ɗaya ya zubo mata. Ba ta sa farar rigar lab ba, suwaita ce ta roba a jikinta, ta kama. Sama da kashi 40 na jikinta ya ƙone, ta yi kwana 18 a asibiti ta rasu a Janairun 2009. Har kotu aka kai farfesan da jami'ar kan rashin horar da ita yadda ya kamata. A Amurka fa, inda komai akwai. Duk lab ɗin da na shiga sai an ba sababbi labarinta. Ni kaina tun daga nan ranar da zan yi wannan aikin ɗankwalin auduga nake ɗaurawa in cusa shi cikin riga, ba na shiga da mayafin roba.

Maman Hanif: Innalillahi, 'yar mutane. Allah ya ba iyayenta haƙuri

Malam Kimiyya: Amin. Amma ɗalibata ga abin da ke ci min rai. Yaranmu suna gama digiri a kimiyyar sinadarai sun haddace Grignard, masanin nan ɗan Faransa, sun san ya gano nasa oganometalik ɗin na magniziyam a 1900 ya ci Nobel a 1912, suna zana shi a jarabawa su ci A, amma da yawa ba su taɓa ganin tukunyar agon ba. Ni kaina sai a hoto. Ina ganin ya kamata a riƙa kawo musu ko kaɗan ne su taɓa da hannu, in ba haka ba har abada mu masu sayen buhu ne ba masu yi ba.

Anti Dakta: Malam da girmanka amma nan kam ban bi ka ba. Shi t-BuLi a cikin fentan yake zuwa, wani ruwa dangin fetur, fentan kuma a digiri 36 yake tafasa. Gombe a watan Afrilu fa? Dole ya zauna a firji dare da rana, firjin ma na musamman mara tartsatsi. A ɗauke wuta kwana biyu, janareta ba mai, wa zai je ya buɗe firjin nan? Sannan agon ya ƙare ana tsakiyar aiki, sannan wurin wanka na gaggawa ka ja igiya ba ruwa. Inda na yi karatu a gida na ga ana zuƙar asid da baki a bututu, ba zan faɗi wuri ba. A fara gyara waɗannan. Sinadarin Grignard dai ana iya yi, ya fi sauƙin kai nesa ba kusa ba kuma shi zai koya musu busar da gilashi da tsoron danshi.

Malam Kimiyya: In muka ce sai komai ya gyaru ai sai mu mutu muna jira. Su ma turawan da ido ɗaya suka fara.

Anti Dakta: Idon Bunsen nasa ne Malam, shi ya zaɓa. Ɗalibi ɗan aji uku ba shi ya zaɓa ba, kuma in ya ƙone iyayensa za a bari da kuɗin asibiti.

Injiniya Fatakwal: Ni a tsakiya nake. Mu da aka ɗauka aiki babu wanda ya taɓa ganin TEAL a makaranta, nan aka horar da mu wata da watanni kafin a bar mu mu matsa kusa da tankin. Abin da na ga yana ba sababbi wahala ba sunan sinadari ba ne, ɗabi'a ce, mutum ya bi mataki goma sha biyu a jere ba tsallake ko da oga ba ya kallo. Wannan ko da ruwan gishiri ana iya koya wa yaro. A sa rini a ruwa a ce ya ɗauke shi daga kwalba zuwa kwalba ba tare da iska ta shiga ba, ya yi sau hamsin.

Malam Kimiyya: Wannan shawarar kam zan gwada da 'yan SS3, sirinji da balan-balan ba su fi ƙarfina ba. Amma ban janye maganata ba.

Oga Walda Jekadafari: Malam kafin a watse, masu nunar da mangwaro da ayaba suna zuwa sayen kabaid a wajena, wai hukuma ta hana, gaskiya ne

Malam Kimiyya: Gaskiya ne, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Kabaid ɗin walda ba mai tsabta ba ne, warin tafarnuwan nan da kake ji in ka jiƙa shi har da ɗan fosfin irin na ƙwayar Baba Alhaji a ciki. Ka ce musu na ƙofa da taga ne.

Oga Walda Jekadafari: to ai in ban sayar ba na gaba dani zai sayar

Alhaji Tudun Hatsi: Injiniya tunda ku ke yin kwayar buhun, me yasa buhu ya kara kudi haka bana? Ka fada wa oganninku muna kuka. Abba gobe in ka fito ka biyo ta sito ka duba min wayata, tun jiya bayanta ya dan taso kuma tana zafi a aljihu

Abba GSM: Baba Alhaji cire ta daga aljihun yanzu dan Allah, kashe ta ka ajiye a kan siminti nesa da buhuna, kar a sa caji. Gani nan zuwa bayan isha'i